Wayoyin Ɗakin Inna

Soron Ɗinki, Kano
12 ga Sha'aban

Zuwa ga maigidana, Baban Hasana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, yaya jikin ƙanwarka Amina, yaya yaranta? Allah ya raba ta da cikin nan lafiya. Mu nan kalau muke, sai kewarka. Inna tana gaishe ka, Hasana da Husaina ma haka.

Tun da aka ɗauke sabis a Maiduguri salular nan ta koma tocila a hannuna. Ɗanladi direba ya ce jibi zai bi ayarin motoci zuwa can, shi ya sa na yago takarda daga littafin Hasana. Ka ce kwana goma za ka yi ka ɗauko Amina, ga shi ana maganar wata biyu. Ban ce laifinka ba ne, na san yadda hanyar ta koma, amma faɗan yana nan na ajiye maka.

Kano ma sai addu'a. Shingen sojoji ko'ina, an hana acaɓa, kuma ko tayar mota ce ta fashe sai ka ga kasuwa ta watse. Ni dai iyakata bakin zaure.

Inna tana nan tana takabarta. Ta ce a ɗakin da Baba ya cika za ta kwana ta tashi har kwanakin su ƙare, ko tsakar gida ba ta zama sai alwala ta fito da ita. Gwiwoyin kuwa sun ƙara tsananta, sai na riƙe ta take miƙewa.

Yanzu bari in ba ka labarin aikin da na yi maka, kai da kake gyara wa mutane wutar gidajensu amma ka bar ɗakin mahaifiyarka kamar saƙar gizo-gizo. Na san ba kai ka fara ba. Baba ne, Allah ya jiƙansa, ya ce duk maƙwabcin da ba shi da mita a ja masa daga tamu, har aka kai gida bakwai, kuma da yake bangon Inna ne ya jingina da su, duk ta kanta wayoyin suka bi. To amma kai ma ai da ka ɗan kintsa. Kowace waya da ƙusarta, wannan ta yi gabas waccan ta yi yamma, ga huda huɗu a bango kamar gidan ɓera.

Ana jibi sadakar arba'in na dubi ɗakin na ce mata za su cika shi, ba za a ce matar mai gyaran wuta ce ke kula da nan ba. Na hau turmi, na cire su daga ƙusoshin, na haɗe su wuri guda, na yayyaga tsohuwar atamfa na ɗaure su tamau taki-taki. Sun kwanta a ƙarƙashin azara kamar kitso ɗaya. Hudojin kuma na cusa musu tsumma da leda, musamman ta wajen shagon Audu tela, don Inna ta ce tana jin muryoyin maza da rediyonsu tana cikin lazimi, kuma bai dace da mai takaba ba. Waccan da muciya na dinga tura tsumman har sai da sautin ya ɗauke ɗif. Duk wadda ta shigo sai ta yaba.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Kwanan nan, in an kawo wuta da rana, nakan ji wani wari a ɗakin kamar an jefa leda a murhu. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan kabet, ban ga komai ba. Jiya na taɓa ɗaurin wayoyin na ji shi da ɗumi kamar kofin shayi. Inna ta ce hancina ne ya cika tsegumi. Ka rubuto ka gaya mini ko haka suke yi dama.

Ka gaishe da Amina da kyau. Ka dinga shiga gida da wuri, don Allah.

Taka har kullum,
Tani

Soron Ɗinki, Kano
9 ga Azumi

Zuwa ga Baban Hasana,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yaya ibada? Ina fatan kana lafiya, kai da Amina da jaririn da muka ji ta samu. Allah ya raya shi. Inna ta yi murna har da hawaye.

Ɗanladi ya kawo takardarka ranar uku ga wata. Ban taɓa ganin ka cika shafi biyu ba sai a kanta, kuma ko gaisuwar kirki ba ka yi mini ba. Na karanta sau uku. Na gane abin da ka ce: ba ƙazanta ce ta sa ka rarraba su ba, waya ɗaya iska na shanye zafinta, amma in an haɗe su kowace tana dafa 'yar'uwarta. Na gane cewa robar da ke jikinsu in ta yi laushi ta kama, ita kanta makamashi ce, wuta za ta bi ta daga ɗaki zuwa ɗaki ko da an kashe mita, kuma huda mai tsumma ƙofa ce aka buɗe mata. Garin neman gira na nemi in rasa ido. Ka yi haƙuri.

Abin ya ƙaru tun bayan wasiƙata. Ka san unguwarmu in Sallah ta matso. Audu ya ƙaro keken aiki na lantarki da dutsen guga biyu, kuma da yake ba a zama a shago bayan magariba yanzu, duk aikin da rana ake yinsa. 'Yardada maƙwabciyarmu ta samo firiza ta biyu don ƙanƙarar buɗa-baki. Da an kawo wuta sai ka ji unguwar ta ɗauki ruri gaba ɗaya, kowa na rige-rigen ya yi nasa kafin a ɗauke. Ɗaurin nan yanzu ba ya taɓuwa.

Na aika aka kira abokin aikinka Mailafiya kamar yadda ka ce. Ya zo, ya duba mita a zaure, ya girgiza kai, ya ce kayan sun fi ƙarfin layin, a rage gidaje ko a sake waya mai kauri. Na ce ya shiga ya ga ɗakin, Inna ta ce namijin da ba muharraminta ba ba zai taka mata ɗaki ba sai ta fita takaba. Haka ya ɗauki jakarsa ya tafi, ainihin ciwon bai gan shi ba.

Ranar Litinin da hantsi warin ya kai ni bango, na je zaure na ja makunnin mita ƙasa, gida bakwai da namu suka yi tsit. Kafin in juyo an fara sallama. Malam Isiyaku ne a gaba, aminin Baba, ya tsaya daga bayan labule ya yi mini nasiha mai tsawo. Wai layin nan sadaka ce mai gudana, ladanta na isa kabarin Baba kullum, wai ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba za a yanke masa. Na ce masa gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba, a rage guga kawai. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ƙyale shi don girmansa. Audu ne ya ce wai dama tun ranar da aka kawo ni gidan nan ya san ba na son mutane, shi kuwa ban raga masa ba. Na gaya masa maganganun da bai kamata mai azumi ya faɗa ba, har yau ko gaisawa ba ma yi.

Abin da ya karya ni Inna ce. Na koma na tarar tana kuka, wai na kunyata ta a unguwar da ta yi shekara hamsin ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ta ce in dai ita ta haifi mijina, in je in mayar. Na mayar, Baban Hasana. Ban san yadda ake ce wa Inna a'a ba, kai ma ba ka sani ba.

Amma kafin in mayar na yi amfani da awa biyun da wutar ta yi a kashe. Na yanke tsummokaran atamfar duka, sai dai wayoyin sun ƙi rabuwa. Robar ta narke ta manne su, in na ja sai in ga tana neman saɓulewa ta bar jan ƙarfen tsirara, dole na bari. Hudojin kuma na yi yadda ka ce, na zare tsumman na cike su da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ta wannan wajen ka kwantar da hankalinka.

Na roƙe ta ta koma ɗakina ko na wuni ne kawai, ta ƙi. Na ce malamai sun ce gida aka ce kada ta bari, ba ɗaki ba, ta ce uwarta a ɗaki ta yi, kakarta ma haka. Don haka na kai 'yan biyu Dukawuya wajen Gwaggona, na ajiye bokitin yashi biyu a bakin ƙofar Inna, kuma duk abin da nake yi kunnena da hancina suna can. Da na tsani a ɗauke wuta, yanzu in an ɗauke har hamdala nake yi.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ka taho da zarar Amina ta iya zaman mota.

Matarka,
Tani

Kano
23 ga Azumi

Baban Hasana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da kai da mai jego. Ka fara karanta wannan layin kafin komai: Inna tana da rai. Muna asibiti, a gefen gadonta nake rubutu, ka yi haƙuri da karkatar rubutun, hannuna na dama a naɗe yake.

Abin da muke gudu ya faru ranar Alhamis bayan azahar. An kawo wuta tun safe ba a ɗauke ba. Inna ta yi salla ta kishingiɗa a cikin gidan sauro saboda ƙudaje, ni kuma ina madafi ina surfa waken ƙosai. Sai na ji ƙara daga wajen shagon Audu, tau, kamar an harba bindiga. Daga baya Mailafiya ya ce wani haɗi ne da aka naɗe da leda a bayan teburin guga ya buga.

Ka san halin da garin yake ciki. Wani ya ce bam, shi ke nan lungu ya watse. Audu da ma'aikatansa suka yi waje ba takalmi, masu gida suka danno ƙofofi, ba wanda ya tsaya ya duba bayan tebur. Da a shekarun baya ne, da mutum ɗaya da buhu ya kashe wutar tun tana ƙarama.

Ni na san ba bam ba ne. Na ruga zaure na kashe mita, komai ya yi shiru. A nan na yi wauta. Duk da abin da ka rubuto mini, da na ji shirun sai zuciyata ta ce an tsira. Na jingina da bango ina haki, har Malam Isiyaku ya leƙo yana tambaya ko lafiya, na tsaya ina ba shi amsa. Na ɓata kamar tsawon raka'a biyu kafin warin ya iso ni.

Da na ɗaga labulen Inna na ga wutar da idona. Ba lantarki a wayoyin, amma wutar tana tafe a kansu daga kusurwar Audu. Ba ta da girma, harshenta bai wuce tafin hannu ba. Robar da ke gabanta sai ta yi ƙyalli, ta kumbura, ta tsage, sannan ta kama, a haka take matsowa ba tsayawa. Inda ɗaurin ya miƙe tana tafiya a hankali, amma da ta kai inda ya hau sama wajen azara sai ta haye shi cikin ƙiftawar ido. Kuma tana tafe tana ɗiga. Kowane ɗigo da wutarsa yake saukowa, ya faɗi a kan kabet, a kan tabarma, yana ci a inda ya faɗi.

Na ɗauki bokiti na watsa yashi sama. Inda ya samu ya mutu, rabin yashin ya dawo mini a ido, kafin in murje ta riga ta wuce wurin ta ci gaba. Bokiti na biyu ma haka. Hayaƙin baƙi ƙirin ne, mai kauri, ya taru a rufi yana saukowa, in ka shaƙa kamar an zuba maka barkono da kananzir a maƙogwaro. Sai ɗigo ya faɗa kan gidan sauron, ya tsuke ya narke, katifar soso ta kama daga wajen ƙafa.

Inna ta farka tana tari, ta tashi zaune, kanta ya shiga cikin hayaƙin. Na kama ta, ita kuwa tana lalube a kan gado tana neman mayafinta, wai ba za ta fita kai a buɗe ba. Ban san inda na samu ƙarfi ba. Na juya na goya ta kamar yadda nake goya Husaina, na durƙusa na yi rarrafe da ita zuwa ƙofa. A bakin ƙofar ɗigo ɗaya ya same ni a dantse. Robar nan ba ta gogewa, manne wa fata take yi ta ci gaba da ci, sai da na tsoma hannun a randa.

'Yardada ce ta fara shigowa da ta ji ihuna, sannan sauran mata, sannan maza da suka gane ba bam ba ne. Da yake mita a kashe take, aka yi ta ɗibar ruwa daga rijiya. 'Yan kwana-kwana sun zo bayan sun sha tsayuwa a shingaye, motar kuma ta tsaya a bakin titi don lungunmu ba ya ɗaukarta. Kafin la'asar azarar ta cinye, rufin ɗakin ya rufta. Shagon Audu ya ƙone da kayan Sallar mutane. Amma hudojin nan uku da suka nufi sauran gidajen, wutar ta zo bakin ƙasar da na cusa ta tsaya. Ko bangon 'Yardada bai yi baƙi ba.

Na san tambayar da za ka yi. Ka bar ni tukuna.

Jikin Inna ko ƙwarzane babu. Likita ya ce matsalar a ciki take, hayaƙin roba yana ƙona hanyar numfashi, kuma ga shekaru. An sa mata abin shaƙar iska. Tana tari tana fitar da baƙi, jiya ta ɗan sha kunu, yau ta ƙi. In ta farka sunanka take kira, Modu, Modu, sai in ce kana hanya. Kada ka mayar da ni maƙaryaciya.

Ka yi mana addu'a a goman nan.

Tani

Soron Ɗinki, Kano
4 ga Shawwal

Zuwa ga mijina,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin lafiya, kuma ina roƙonka ka zauna kafin ka ci gaba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Inna rasuwa jiya Asabar da hantsi, saura kwana goma sha ɗaya ta fita takaba. Ta cika da kalmar shahada, kanta a kan cinyata. Malam Isiyaku ya yi mata salla, an kai ta kusa da Baba. Unguwa duk ta fito. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri, ya ba Amina.

Ɗanladi ya ce ba a bari motoci sun fito ba tun kafin Sallah, don haka na san ba ƙin zuwa ka yi ba. Na gaya mata haka, ta ce ta sani.

Saura abin da na ce ka bar ni tukuna. Na rubuta maka cewa na zare tsumman hudojin na cike su da ƙasa. Uku na yi. Ta huɗun, ta wajen Audu, na tura tsumman da nisa cikin kaurin bango, hannuna bai kai ba, na sa ƙugiya kuma na ji tana kama waya. Daga cikin shagonsa yaro ma zai iya zaro shi. Abin da ya rage kawai in aika in ce Audu ya taimaka, in faɗa masa abin da na yi. A ranar ne muka yi faɗa, na ce ba zan buɗe baki in roƙe shi ba. Na ce gobe, goben ta zama jibi. Sai na shafa ƙasa a bakin hudar daga ciki, sama-sama, yadda ido zai ga kamar an yi. Da tsumman ya kama, ƙasar ta tsage ta zubo. Ta nan wutar ta shigo.

Inna tana kwance tana kallona ranar da na shafa. Ana gobe za ta rasu ta jawo hannuna, da ƙyar maganar ke fita, ta ce ita ta ce a toshe hudar tun farko, ita ta hana Mailafiya shiga, ita ta sa na mayar da mita, don haka in bar zancen a kanta, kada in gaya maka. Ta ce in yi mata alkawari. Na yi shiru, ta ɗauka na yi.

Sau ɗaya ke nan na ce mata a'a, shi ma sai da ta tafi. Ba zan iya karɓar gaisuwar mutane suna ce mini jaruma, kai kuma ka zo ka yi mini godiya a kan abin da ba ka sani ba. Na je na faɗa wa Audu da bakina jiya da yamma. Ya zauna a dandamalin shagonsa ya rufe fuska.

Ban san da wace fuska zan tare ka ba. In ka yafe, Allah ya saka maka. In ba za ka iya ba yanzu, ba zan ga laifinka ba. Amma ka zo, ko da ba za ka yi mini magana ba. 'Yan biyu suna tambayata ina Inna, na kasa ba su amsa ni kaɗai.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Tani